Kafin ku ɗaure kaya saboda siyasa

Ƙannena, musamman ku da kuka yi aure kwanan nan kuke neman inda za ku ajiye iyali a cikin garin Sakkwato, ina so in ba ku labarin wata ƙaura da na yi a shekarar 2015, wadda har yau idan maiɗakina ta tuna da ita sai dai ta girgiza kai. A lokacin muna haya a wani tsohon gida cikin gari, ba nisa da Hubbaren Shehu, a irin lungun nan da kowa ya san kakan kowa. Gidan ƙasa ne da aka yi wa shafen siminti, ɗaki biyu da zaure, kuma ban taɓa ganin aibinsa ba sai da guguwar zaɓe ta taso.

Maƙwabcina na jikin katanga dattijo ne sa'ar mahaifina, mai sayar da goro, kuma ɗan lema ne na gani-kashe-ni, ni kuwa tsintsiya ce a hannuna dare da rana. Wata rana bayan sallar magariba gardama ta yi zafi a majalisa, har na ɗaga masa murya a gaban yara, abin da ban taɓa yi wa babba ba. Bai ce mini komai ba illa, "Malam, Allah ya huci zuciyarka," ya ɗauki buzunsa ya shige gida. Maimakon in bi shi in ba shi haƙuri, sai na shiga gaya wa kaina cewa unguwar ta lalace, kuma bai kamata 'ya'yana su tashi cikin mutanen da ba su san ciwon kansu ba. Har a raina ina kwatanta abin da hijirar da Shehu Usmanu ya yi daga Degel zuwa Gudu a 1804, ku ji girman kai irin na mai ɗanyen jini, alhali Shehu addininsa ya gudar, ni kuwa kunyar ido na guje wa.

Abokan yaƙin neman zaɓe suka haɗa ni da wani dillali, ya kai ni wata sabuwar unguwa a bayan gari. Abin da ya saye ni kalma ɗaya ce da ya faɗa yana nuna hotunan 'yan takara da ke manne a katangu: "Nan duk namu ne." Na ga gida da rana tsaka a watan Afrilu, ƙasa a bushe ƙayau, na biya kuɗin shekara biyu da la'ada a take, ban tambayi kowa komai ba, ban kuma kai maiɗakina ta gani ba sai ranar da motar kaya ta tsaya a ƙofa. Wannan shi ne kuskuren da ya fi ci mini rai, domin ni da safe nake fita sai dare, ita ce take wuni a gidan, ita ta san ko akwai matar da za ta leƙo idan yaro ya kwana da zazzaɓi.

Damina ta fara tona asiri. Gidan a cikin kwari yake, babu magudanar ruwa, ruwan sama ɗaya mai ƙarfi a watan Agusta ya shigo mana har ɗaki. Da rani ya zagayo sai ga famfo ko ɗigo babu, kullum sai mun sayi kura guda ta jarkoki a hannun 'yan ga-ruwa, a garin da zafi kan wuce maki 40 kafin saukar ruwa. Islamiyya tana da nisa, ga babban titi a tsakani, har yaran suka fara fashi ni ban sani ba.

Duk wannan da sauƙi a kan abin da ya biyo baya. A 2018 Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya bar APC ya koma PDP, mataimakinsa Ahmad Aliyu ya tsaya inda yake, kuma su biyun suka kara a zaɓen 2019, wanda sai da aka je zagaye na cike gurbi kafin Tambuwal ya yi nasara da ratar ƙuri'a 342 kacal. Unguwar da aka ce mini duk namu ne ta tsage gida biyu cikin mako guda. Mutanen da muke cin tuwo tare suka daina gaisawa, majalisa ɗaya ta zama biyu, wasu ma suka sauya masallacin da suke sallah. Dalili kuwa a fili yake: babu abin da ya haɗa mu tun farko sai jam'iyya, babu auratayya, babu zumunta ta iyaye, babu dattijon da zai kira mutum biyu ya zaunar da su su ji nauyinsa. Da na yi tunani da kyau, ai ba sabon abu ba ne a jihar nan. Aliyu Magatakarda Wamakko mataimakin Attahiru Bafarawa ne kafin su raba gari, ya ci zaɓen 2007 a PDP, sannan ya shiga APC a 2013. Wanda ya san wannan tarihi bai kamata ya biya hayar shekara biyu a kan hoton da ke jikin katanga ba.

Wani kango da ke bayan gidanmu ya zama matattarar 'yan bangar siyasa, ana kawo musu kuɗi da abin da ba ya faɗuwa. Ranar da na ji ɗana mai shekara goma sha ɗaya yana rera waƙar zagin wani ɗan takara da kalmomin da ban taɓa furtawa a gidana ba, na gane cewa zama da maɗaukin kanwa ya fara kawo mana farin kai. Abin takaici, yaran da ya koya a wurinsu na ɓangarena ne.

Saboda haka, idan kuna neman unguwa mai tarbiyya, ku bar tambayar wa suka zaɓa. Ku je ku yi sallar asuba a masallacinsu kwana biyu ko uku, ku ga ko akwai matasa a sahu ko kuwa tsofaffi ne kaɗai. Ku koma bayan isha'i ku zauna wurin mai shayi, ku saurari irin hirar da ake yi da kuma su wane ne ke yawo a lungu a wannan lokaci. Ku gaida mai unguwa, domin yadda mutane ke ambatonsa zai nuna muku ko akwai mai faɗa a ji. Ku lura ko babba yana iya tsawata wa ɗan da ba nasa ba ba tare da uban ya fito da faɗa ba, wanda a ganina ya fi kowace alama nuna lafiyar unguwa. Ku ga gidan da damina, ko aƙalla ku duba gindin katanga ku nemi shatin da ruwa ya bari. Matanku su shiga gidajen maƙwabta su gaisa, za su fito da labarin da dillali ba zai taɓa ba ku ba. Haya ta yi tsada tun da rashin tsaro ya koro jama'a daga wuraren Isa da Sabon Birni zuwa cikin gari, na sani, kuma dillali zai ce muku wani na nan tafe da kuɗi a hannu, amma kada wannan ya sa ku biya fiye da shekara ɗaya a karon farko.

Mun koma cikin gari a ƙarshen 2019, ba gidanmu na da ba, domin an riga an ba wani, sai wani ƙarami a lungu na gaba. Washegarin saukarmu na je zauren Baba mai goro da niyyar ba shi haƙurin da ya kwana shekara huɗu a wuyana, amma ban kai ga buɗe baki ba ya tambaye ni ina yaran, ya ce gobe da safe in turo su makarantar allo tare da jikokinsa.