Dalilin da ya sa na zaɓi Hurricane na bar Spitfire

Duk mai sha'awar ƙera ƙananan jiragen Yaƙin Duniya na Biyu, irin waɗanda ake tuƙawa da rimot daga ƙasa, Spitfire, jirgin yaƙin Ingila, yake fara hange. Ban ga laifinsa ba, jirgi ne mai kyan fiffike. Amma ni da nake Sakkwato, Hurricane na zaɓa, shi ma jirgin yaƙin Ingila ne.

A 1940, da Italiya ta shiga yaƙi, Bahar Rum ta zama da haɗari ga jiragen ruwan Ingila. Sai Turawa suka koma kawo jiragen sama cikin akwatuna zuwa Takoradi, a ƙasar da ake kira Ghana yau. A haɗa su a can, su tashi su sauka Legas, su zo Kano, su wuce Maiduguri, su ratsa Chadi da Sudan har Alƙahira. Jirgin Blenheim mai inji biyu ke shiga gaba yana nuna hanya, ayarin Hurricane na biye da shi. Ke nan Hurricane ya sha ƙurar Arewa, a lokacin da Sarkin Musulmi Abubakar na Uku bai daɗe bisa karaga ba, tunda a 1938 aka naɗa shi. In ina feƙe katako a zaurenmu na Mabera, ina jin abin da nake ƙerawa ba baƙo ba ne a samaniyarmu.

Sai kuma maganar ƙasa. Tayoyin Spitfire a matse suke, kusa da juna, ƙaramin gargada ya isa ya sa fiffike ya daki ƙasa. Na Hurricane a ware suke. Mu da filinmu busasshiyar fadama ce a gefen gulbin Rima, da sawun shanu ko'ina, wannan bambanci ba ƙarami ba ne.

Fiffiken Hurricane na gaske ya ɗan haura mita 12 daga baki zuwa baki. Nawa kashi ɗaya ne cikin shida, wato mita 2 da ɗan ɗoriya, shi ya sa na yi fiffiken mai cirewa, don ya shiga keke napep. Masu wannan aiki a ƙasashen waje da katakon balsa, wani katako marar nauyi, suke yi, mu kuwa ba a kasuwa ake tsintarsa ba. Rimi na koma wa, wanda dama danginsu ɗaya da balsa, ko da yake ya fi shi nauyi. Da na kai wa wani dattijon kafinta ya tsaga mini shi sirara, ya juya katakon ya ce, "Yaro, rimi ai ba ya riƙe ƙusa." Na ce, "Baba, gam zan sa, rashin nauyin nake nema." Shi ya nuna mini yadda zan bi jijiyar katakon don kada ya tsage wajen lanƙwasawa. Bayan jirgin na rufe da yadin shafi na teloli na bi shi da banish, domin shi ma na gasken da yadi aka rufe gangar jikinsa ta baya.

Inda aikin yake shi ne nauyi. Hancin Hurricane gajere ne, jelarsa doguwa, don haka ɗan fentin da ka ƙara a jela sai ka biya shi ninki-ninki da dalma a hanci. Ka ɗora jirgin bisa yatsu biyu a ƙarƙashin fiffike, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na faɗinsa daga bakin gaba. In hancin ya ɗan sunkuya, madalla. In jela ta rinjaya, kada ka tashe shi, ko da abokai sun taru suna jira. Jirgin da jela ta rinjaya yana ɗaga kai ba da izininka ba, iska ta sake shi, ya faɗo. Ni batir nake turawa can ƙuryar hanci, ya yi aikin dalma ya kuma ba da wuta.

Zafinmu ma da nasa hukuncin. A watan Afrilu, da ma'auni ke wuce digiri 40, iska ba ta da kauri, jirgi sai ya yi gudu mai tsawo kafin ya bar ƙasa, batirin LiPo kuma yana kumbura in ya sha rana. Bayan sallar asuba nake fita, kafin hantsi na naɗe kayana. Da hunturu kuwa hazo ne matsala: fentin hamada da na yi masa, ruwan ƙasa da ruwan yashi, yana sajewa da hazon har ka kasa gane ko zuwa yake ko tafiya. Ranar da hazo ya yi kauri, a gida nake barinsa.

Ga wanda zai shiga wannan harka, a halin tsaron da muke ciki kada ya yi wasa da doka. Tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ta ce sai da izini ake tashin jirgi marar matuƙi. Ka nisanci filin jirgin sama da barikin soja, ka gaida mai unguwa da masu gonakin wurin, ka nuna musu jirgin a ƙasa kafin su gan shi a sama. Yaran da ke biyo ni fadama, masu ƙera mota da kara, na fara koya musu yanka haƙarƙarin fiffike da kwali, kuma akwai biyu da hannunsu ya faɗa.