Wasan cike gurbin Turawa da ya hana ni barci

Ni dai a Ingila na kamu da wannan jarabar, lokacin ina karatu ina kuma aikin dare a wani gidan kula da tsofaffi. Akwai wani dattijo, kullum jaridarsa a ninke, fensir a kunne, sai ya yi shiru kusan minti goma sannan ya ƙyalƙyale da dariya shi kaɗai, na ɗauka tsufa ne ya fara taɓa shi. Ashe wasan cike gurbin kalmomi yake yi, irin wanda suke kira kiriptik, wanda kowace tambaya tarko ce.

Abin da ya fara nuna min shi ne kalmar "flower". Na ce ai fure ne Baba. Ya ce a nan kogi ne, abin da ke "flow", mai gudana, amsar kuma Thames, kogin da ya ratsa London. Wallahi sai na tuna kakata da "shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya", kai kana can kana hango garke da makiyayi ita kuwa tsintsiyar da ke jingine bakin ƙofa take nufi, kuma ba ta yi maka ƙarya ba, hankalinka ne ya tafi kiwo.

Yawanci tambayar kashi biyu ce, ma'anar kalmar tana farko ko ƙarshe, saura kuma wasa da haruffa ne, ko a hautsina su, ko a karanta ta baya, ko a ɓoye amsar a tsakanin kalmomi biyu. Wanda ya fi tsaurara dokokin shi ne wani mai shirya wasan da ake kira Ximenes, da ya karɓi shafin jaridar Observer a 1939, shi a wurinsa a yaudare ka ba laifi amma kar a zalunce ka.

Da na ga na fara iyawa sai kai ya kumbura, na afka wa wani mai tsananin wuya da ake kira Listener, wanda ake yi tun 1930, yanzu yana fitowa a Times ranar Asabar. Nan na san shayi ruwa ne. Babu baƙaƙen gidaje, layuka ne masu kauri ke raba kalmomi, ga bayani a sama da sai ka karanta sau biyar, wai wasu tambayoyin na da harafi ɗaya da ya yi yawa, in ka tattara su za su ba ka saƙon da zai kai ka ga jigon wasan. Sati uku na yi kan na farko, na goge har takardar ta huje, dole na sayi ƙamus ɗin Chambers don kalmomin da ko Baturen bai taɓa ji ba suna ciki. Kuskurena da biro na fara, kuma ina nacewa kan tambaya ta ɗaya maimakon in tsallaka in samu haruffan da za su taimake ni.

Yanzu kam har suka nake yi. Akwai wani da na yi a wata mujalla, na cike komai tsaf amma matakin ƙarshe sai ka canki abin da ke zuciyar mai shi, babu wata alama a ciki, wannan ba wahala ba ce, rowa ce. In na ga amsa ban ce "kash, ga ta nan a gabana" ba, to ni a wurina wasan bai yi ba.

A kan "Gegs (9,4)" muka fi yin musu da Baba. Amsar "scrambled eggs" ce, wato hautsinannen ƙwai, an hautsina haruffan "eggs", 9 da 4 kuma yawan haruffan kalmomin amsar ne. Na ce ba a ba da ma'anar amsar a ciki ba, ya karya doka. Ya ce to ka yi dariya ko ba ka yi ba? Shi mutumin Araucaria ne, mai shirya wasan a jaridar Guardian, wanda bai damu da dokokin Ximenes sosai ba, kuma a cikin wasansa ne ma ya sanar da mutane yana da ciwon daji a 2013, shekarar ya rasu. Na dai yi dariyar, amma har na bar aikin ban yarda masa ba.