Yadda na sake zama likita a Amurka

Na shigo Amurka da digirin likita da kuma shekarun aiki a asibiti, amma a idon dokar ƙasar ba ni da izinin rubuta wa majinyaci ko da maganin ciwon kai. Duk wanda ya yi karatun likita a waje dole ne ya bi ta hannun hukumar ECFMG da ke Filadelfiya, wadda ke tuntuɓar makarantarsa kai tsaye domin ta tabbatar da takardunsa. Wannan mataki kaɗai ya ci mini watanni, domin wasiƙar ta kwanta a wani ofishi can gida, sai da yayana ya yi ta zarya kafin a amsa ta.

Daga nan sai jarrabawar USMLE, ta neman lasisin aikin likita a Amurka, wadda ake yi mataki-mataki. Matakin farko ya mayar da ni ga darussan farkon makaranta da na daɗe da ajiyewa, kuma tun 2022 ba a ba da maki a kansa, ci ko faɗuwa kawai ake rubutawa, shi ya sa nauyin ya koma kan mataki na biyu. Da rana ina karatu, da dare ina aikin ɗibar jini a wani asibiti. Sau da yawa nakan dubi idon majinyaci da farcensa in gane ƙarancin jini ne ke damunsa, amma iyakata in sanar da nas, in lika sunansa a kwalba in wuce. Haƙurin da wannan ya buƙata ya fi na karatun.

Abin da na gane daga baya shi ne, cin jarrabawa ba ya ba mutum gurbin horon ƙwarewa. Ana tura takardun nema a watan Satumba, a yi ganawa da asibitoci, sannan a jira sakamakon rabon gurabe na hukumar NRMP a watan Maris, wanda bai samu ba kuwa yawanci sai baɗi. Masu zaɓe suna duba wasiƙun shaida daga likitocin Amurka, suna kuma ƙirga shekarun da mutum ya yi da gama makaranta, don haka kowace shekarar jira tana rage masa daraja. Wasiƙun nan na same su ne bayan na yi ta bin wata likita a zagayen ɗakunan jinya ina kallo, ba tare da izinin taɓa kowa ba. A wurinta na koyi cewa majinyaci ake fara gaya wa cutarsa, ko da ciwon daji ne, kuma ba a faɗa wa 'yan'uwansa komai sai ya yarda, abin da ya saɓa wa yadda na saba aiki.

Da Allah ya nufa na samu gurbi, na yi shekara uku a fannin cututtukan manya, da aikin da kan kai awa 80 a mako. Bizar J-1 da na yi horon da ita tana wajabta komawa gida na shekara biyu, sai dai shirin Conrad 30 yana ɗauke wannan sharaɗi ga wanda ya amince ya yi shekara uku a yankin da ke ƙarancin likitoci. A irin wannan yanki nake aiki yanzu, kuma duk ƙanin da ya kira ni neman shawara nakan ce masa ya fara tabbatar da takardunsa, ya zauna matakin farko na USMLE tun bai bar gida ba.