Haƙoran rago a kasuwar Turaku

Yamai, 6 ga Zulhajji

Yau kasuwar Turaku ba masaka tsinke. Tun hantsi ƙura ta turnuƙe. Ga raguna iri-iri: ga balami farare tas masu dogayen kunnuwa, ga uda da gabanta baƙi ko ja bayanta fari, ga ara-ara na Buzaye masu dogayen ƙafafu. An wanke su da sabulu har suna ƙyalli.

Yawancin masu saye ƙaho suke fara dubawa, sai tsayi. Ba laifinsu ba ne. A garin nan ragon layya ba ya ɓoyuwa: kafin salla yana ɗaure a ƙofar gida, bayan yanka kuma a baje shi a kan sanduna biyu da aka gicciye, a jera shi da na maƙwabta kewaye da wuta a bakin titi har dare. Kowa zai ga na kowa. Shi ya sa rabin cinikin da ake yi da maƙwabci ake yin shi, ko da ba ya wurin.

Wanda ya san dabba bakinta yake fara buɗewa. Rago ba shi da haƙoran gaba a sama, 8 ne a ƙasa. In duk ƙanana ne, na nono ne, da wuya ya wuce shekara. In 2 na tsakiya sun fito faffaɗa, ya kai shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. In 4 ne, wajen shekara 2. In duka 8 sun cika har sun fara cinyewa da giɓi tsakaninsu, tsoho ne, a tanadi itace da haƙuri. Daga nan sai hannu ya hau gadon baya, ya matsa kwiɓi da gindin wutsiya. In ƙashin baya na sukar tafin hannu, ramamme ne, komai girman tumbinsa. Tumbi ma shi ya fi yin ƙarya: wasu na zuba gishiri ko kanwa cikin dusa da asuba, dabba ta yi ta ɗirkar ruwa, ta shigo kasuwa a cike. Gobe da safe sai a ga an sayi ruwa.

Sai a ja fatar ido ƙasa. In ta yi fari fat, jini ya yi ƙaranci, galibi tsutsar ciki ce. A duba majina a hanci da alamar zawo ƙarƙashin wutsiya, a sa yaro ya ja shi ya taka. Hadisi dai ya hana layya da mai ido ɗaya, da gurgu, da marar lafiya, da ramamme, in aibin ya bayyana.

Kuɗin rago kuwa ya danganta da rigar mai tambaya. Wani ragon da aka yi wa mai ƴar shara jaka 120 (sefa dubu 120), kafin azahar wani Alhaji ya sauko daga mota da babbar riga, sai ya koma jaka 200. Dillali ya rusuna ya ce: “Alhaji, ranka ya daɗe, wannan ba na kowa ba ne, kai yake jira.” Alhaji ya taya 150, mai rago ya kau da kai ya ce albarka. Aka sallama a 175, bai ko buɗe bakin dabbar ba. Dillali ya karɓi la'adarsa nan, ya zagaya ya karɓa can.

Abin da ke kashe rago a gida kuwa yawanci gata ne. Dabbar da ta saba da harawa ko ciyawar burgu, sai yara su cika mata kwano da gero da ɗumamen shinkafa lokaci guda. Hatsin ya yi tsami a tumbi, ɓangaren hagu ya kumbura, wani kafin asuba ya mutu. A tambayi mai sayarwa me ragon yake ci, a ci gaba da ba shi hakan, dusa kaɗan, ruwa da inuwa, igiya kuma kada a yi mata zarge.

Da la'asar sai ga ma'aikatan da albashi bai shigo musu ba, suna tayi suna wucewa. Jajibiri suke jira, wai farashi zai faɗi. Wata shekarar yana faɗuwa, Fulani su gaji su sallama don su koma gida salla. Wata shekarar kuma sai su tarar da igiyoyi da ƴan tumakin da kowa ya ƙi.