15 ga Satumba: daren neman mai kisa a Torquay

Yau ranar haihuwar Agatha Christie ce, shahararriyar marubuciyar littattafan binciken kisan kai. A nan Torquay, bakin teku a yankin Devon na Ingila, aka haife ta a 1890, kuma duk watan Satumba garin kan yi mata biki. Mu da daddare muka yi namu, wasan "wa ya yi kisan" a kan teburin cin abinci. Bari in rubuta tsarinsa tun ban manta ba.

Mutum takwas ne 'yan wasa, na tara alƙali, shi ke riƙe da agogo da amsa. Kowa ambulan uku, zagaye uku, minti 25 kowanne. Ta farko tana ɗauke da sunanka na wasa da alaƙarka da mamacin. Ta biyu, inda kake tsakanin ƙarfe 8 da 9 da sirrin da kake ɓoyewa. Ta uku, shaida guda da za ka fallasa a kan wani.

Guba a kofin shayi aka zaɓa, kuma ya dace, don Agatha Christie kanta a ɗakin haɗa magani ta yi aiki lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, can ta san guba ciki da bai.

Doka ɗaya ce ke riƙe da wasan: mai kisa kaɗai ke da izinin ƙarya. Sauran suna iya kauce wa tambaya, amma in an ritsa su sai gaskiya. Da kowa zai yi ƙarya, da ba hujjar da za ta tsaya, sai canki-canka.

Kada a sanar da mai kisa matsayinsa sai a ambulan ta biyu. In ya sani tun farko, fuskarsa ke tona shi, ko ya yi tsit ko ya cika surutu. Wannan an kiyaye.

Inda aka yi tuntuɓe shi ne rasit ɗin kantin magani. An ɓoye shi ƙarƙashin faranti don zagaye na uku, aka kwashe kwanuka da wuri, ya fito a minti na 30. Nan take mutum biyar suka gano mai laifin, zagayen ƙarshe ya zama hira kawai. Shaida mai yanke hukunci a aljihun alƙali ya kamata ta zauna, a bar na ruɗarwa guda huɗu ko biyar a warwatse a ɗaki.

Tara saura kwata aka fara, kafin sha ɗaya an tashi.