Disket ɗinku na cikin kwali, kar ku zubar tukuna

Salamu alaikum jama'a. Yau maganar rumbun nan ce da muke haɗawa a intanet na tsofaffin porogaram, don na gaji da maimaita amsa guda a fada kullum dare, kowa ya zo sai ya ce wai mi za ku yi da kwamfutar da ta girme ku. To ga bayanin gaba ɗaya.

Mu ba mu da yawa a nan Yamai. Akwai mai Amstrad CPC 6128 da har yanzu take tashi in ta ga dama, akwai mai Thomson MO5 da kawunshi ya zo da ita daga Faransa tun yana yaro, sauranmu kuwa tsofaffin PC ne, 386 da 486, irin waɗanda biro-biro suka fitar aka tara a magaza, wasu ma a Katako aka tsinto su kafin masu awon ƙarfe su farfasa. Da muka fara shawara kowa cewa yake a tara littattafan koyon harsunan rubuta porogaram irin BASIC da Pascal da takardun bayanin mashin, a yi musu eskane a ɗora. Ni dai na ce ɓata lokaci ne kuma har yanzu ina kan bakana, saboda wanga aiki an riga an yi shi, an yi shi kuma fiye da yadda za mu iya. Internet Archive tun 1996 take tara abubuwa, Bitsavers cike yake da takardun tsofaffin mashin, masu Thomson suna da DCMOTO da ke kwaikwayon MO5 da TO7 a kan kwamfutar yanzu. Faransawa fa a 1985 gwamnatin Laurent Fabius ta zuba waɗannan mashin a makarantunsu, yaran lokacin su ne manyan yanzu masu kuɗi da lokaci, ba su bar shafi ko guda ba, har jaridar Hebdogiciel da ta riƙa buga porogaram daga 1983 zuwa 1987 sun kwashe. To mu da forfe ɗinmu na mega kaɗan da kuran mai tafiya da dawowa za mu yi gasa da su? A sa adireshi kawai, mai so ya je can ya ɗauka.

Abin da babu shi a ko'ina shi ne wanda aka rubuta a nan. Porogaram ɗin da ɗalibin jami'ar Abdou Moumouni ya yi don jarabawa, wanda kontabul ya haɗa ma kanshi don lissafin albashi, wanda wani mushe ya rubuta don ya huta da lissafin mwayen da hannu ƙarshen kowane tirimes. Waɗannan ba wanda zai tara mana su, kuma kofi guda ne tal, yana cikin kwali ƙarƙashin gado ko saman almuwar yana shan zafin watan Afrilu.

Bari in ba ku misali guda da ya sa na ƙara riƙe wanga ra'ayi. Wani dattijo da ya yi ritaya, tsohon kontabul ne na wani kamfanin shigo da kaya, ya ba mu disket, wato faifan ajiya na tsofaffin kwamfuta, cikin gwangwanin biskit, ya ce ɗana in akwai abin amfani ku ɗauka in babu ku ba yara su yi wasa. Na ce Baba ai ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, bari mu buɗe tukuna. A ciki akwai wani porogaram na Turbo Pascal mai lissafin farashin kaya daga faran na Faransa zuwa sefa, kuma can sama wajen const, inda ake sa lambobin da ba sa canzawa, an rubuta TAUX = 50, sai aka rufe layin cikin baka biyu irin na sharhi, a ƙasanshi aka sa TAUX = 100, ba wata magana. Duk wanda ya yi wayo a Janairun 1994 ya san mi ya faru tsakanin layukan nan biyu, daren da aka karya darajar sefa a Dakar aka wayi gari kuɗin kowa ya rabu biyu. Shi Baban ma ya manta ya taɓa gyara wurin, da na nuna mishi a ekaran sai ya yi dariya ya ce ai ran nan bai yi barci ba, duk faktir ɗin da ke hanya sai da aka sake su. Kuma lura, bai goge hamsin ɗin ba, ya dai rufe ta, wataƙila yana zaton za a koma. Wanga fishiye girmanshi a disket bai kai kilo goma ba amma a wurina ya fi littafi mai shafi ɗari biyar da kowa ke da shi.

Sai dai akwai inda muka ja layi. Da yawa daga abin da ke zuwa na dBase ne ko Clipper, masu ajiye bayanai a tebur, kuma tare da su akwai fishiyen DBF masu sunayen mutane da albashinsu da bashin da ake bin su, ko sakamakon ɗalibai har da wanda ya faɗi. Wannan ba ya hawa intanet, ko mai disket ɗin ya ce ba komai. PRG ɗin muke ɗauka, wato porogaram ɗin kanshi, sai mu bar tsarin tebur ɗin mu cika shi da sunayen ƙarya don a ga yadda yake aiki. Yamai ƙaramin gari ne, mutanen nan suna raye ko ƴaƴansu suna nan.

Yanzu yadda ake karanta disket, don nan ne mutane ke ɓarna. Ka samu disket ɗin da ya shekara talatin a ajiye, kar ka cusa shi ka fara danna fishiye ɗaya-ɗaya kana murna. Da fari ka kulle shi kar a rubuta komai a kai, na inci uku da rabi ana tura ɗan makullin kusurwa har ramin ya buɗe, na inci biyar da kwata kuwa akasin haka ne, rufe tsagar gefen ake yi da sikoc. Sannan ka ɗauki hoton disket ɗin, wato kofinshi gaba ɗaya cikin fishiye guda, a karatu guda, saboda wani karatun farko shi ne na ƙarshe, ƙura ta riga ta shiga, in ya juya sau biyu uku sai ka ga zobe ya fito a jikin faifan, shi ke nan. Ka goge kan lektar ɗin, wato na'urar karanta disket, da alkol tsakanin disket da disket, in ba haka ba dattin na farko shi zai kashe na biyu. Lektar na USB da ake samu a kasuwa yana karanta na 1.44 mega da na kilo 720 na PC ne kawai, na Amstrad masu inci uku ko manyan nan masu inci biyar da kwata na kilo 360 sai da tsohon lektar da ɗan allon nan Greaseweazle mai haɗa shi da kwamfutar yanzu. Af, kuma rabinsu da biris, wato cutar kwamfuta, suke zuwa, Stoned ne, Form ne, Ping-Pong ne, duk wanda ya yi zamanin musayar disket ya san su. Muna rubutawa a bayanin cewa akwai, mu ciro fishiyen mu bar hoton gefe.

Bayan an karanta ma da sauran aiki. Ka buɗe fishiyen BAS na GW-BASIC ka ga shirme, ba lalacewa ya yi ba, haka yake ajiyewa a dunƙule sai in an ce mishi SAVE da waƙafi da A a ƙarshe, don haka sai a loda shi cikin DOSBox, mai kwaikwayon tsohuwar kwamfutar DOS a kan ta yanzu, a sake ajiyewa a rubutu. Sai kuma haruffan faransanci, DOS tana ba é lamba 130, Windows kuma ta ɗauki lambar a matsayin wani ɗan waƙafi, shi ya sa élève ke fitowa ‚lŠve. Muna ajiye na asali yadda yake, mu yi kofi na biyu da aka juya zuwa UTF-8 don karatu a waya. Masu Turbo Pascal 7 kuma kun san saƙon kuskuren nan Runtime error 200 da ke fitowa in mashin ya cika sauri, a DOSBox rage gudun kawai ake yi.

Na takarda ya fi wahala. Kaye da listin na impirimant mai allura, tawada ta koɗe, gara ta ci gefe, in ka ba na'urar gane rubutu sai ta mai da sifili O ta mai da 1 ta koma l, kuma a layin DATA, inda ake jera lambobi, kuskure guda ya isa. Da hannu muke bugawa, yaran lise biyu uku ke taimakawa ran Lahadi, ana shayi ana bugawa, kuma abin mamaki su suka fi mu jin daɗin abin, wai layi goma ka ga abu ya motsa a ekaran ba sai ka sauke komai ba. Dokarmu guda ce, ba a ɗora porogaram tare da sauran sai an tashe shi ya yi aiki, an ɗauki hoton ekaran, an rubuta mashin ɗin da yake so da shekarar in an sani. Wanda ya ƙi tashi ana ɗorawa amma a dosiye daban.

Shafin kanshi rubutu ne zalla, ba bidiyo ba kwalliya, don ya buɗe ko rezo na rarrafe. Wasu sun ce ya yi muni, to ya yi. Kowane porogaram da bayaninshi a Hausa da faransanci, layi uku huɗu, mi yake yi, wa ya ba da izini. Akwai kofi a kile USB guda nan Yamai, guda kuma wurin ɗan uwanmu a Tawa da muke aika ma sabo in an samu mai tafiya.

Wani abin da ya shiga rumbun ba mu shirya ba, mai Amstrad ya tuna cewa Locomotive BASIC tana da umarnin SYMBOL, ka ba shi lambar harafi da lambobi takwas ya zana maka sabon harafi a murabba'in ɗigo takwas-takwas, MO5 kuma tana da DEFGR$. Sai ya zana ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, ya sa mashin ɗin 1985 ta rubuta Hausa da lanƙwasarta daidai, abin da wasu wayoyin yanzu ma sai ka sha wuya. Lambobin suna dosiyen Amstrad.

Maganar haƙƙin mallaka a taƙaice, Borland da kanta ta saki Turbo Pascal 1.0 da 3.02 da 5.5 kyauta, Microsoft ta fitar da asalin rubutun GW-BASIC a GitHub a 2020, waɗannan muna nuna inda suke. Na mutanenmu kuwa sai mai shi ko iyalinshi sun yarda, kuma wanda ba ya son sunanshi ya fito ba ya fitowa.

Abin da ya tsaya mana yanzu lektar ne na inci biyar da kwata mai lafiya, akwai kwali guda na manyan disket da aka kawo daga wata tsohuwar makarantar koyon sakatariya, an rubuta BASIC 1ère année a jikin wasu, ba mu da abin karanta su. Duk mai tsohuwar 286 ko 386 a magaza ya duba gabanta, in akwai faffaɗar ƙofa mai ɗan hannu da ake juyawa ƙasa, ita ce, ko mashin ɗin ta mutu lektar ɗin muke so, da igiyarshi mai faɗi in tana nan.