Rigimar filin bayan layinmu, da yadda na gane mun makara da shekaru

Ni dai ban taɓa zaton wata rana zan zama mutumin da ke yawo da taswira a naɗe a hammata ba, amma haka aka yi, kusan shekara ɗaya da rabi. Abin ya faro ne wata safiya da na fito zan tafi aiki, na hango mutum uku a filin da ke bayan layinmu, ɗaya ya kafa na'urar nan mai ƙafa uku yana leƙawa, ɗaya riƙe da doguwar sanda, ɗayan kuma yana buga turaku yana shafa musu jan fenti. Na ƙarasa nayi sallama nace Malam lafiya dai? Safiyon ko ɗagowa bai yi sosai ba, yace awo aka turo su, gidaje za a gina, in ina da tambaya in je ofishin tsara gari. Filin nan kuwa tun muna yara yake a haka, gona ce da mai ita ya daina nomawa, yara na buga ƙwallo ta gefen sama, ta ƙasa kuma akwai wani kwari da ruwa ke kwanciya duk sanda aka tafka ruwa. Garinmu ƙarami ne, kafin yamma babu wanda bai ji ba.

Washegari an buɗe gurup a WhatsApp, kuma kun san yadda abin yake, kafin kwana uku an ce bene mai hawa goma za a yi, an ce a'a masana'anta ce, wani ma ya rantse wai har layinmu za a rushe a faɗaɗa hanya, kuma duk cikinmu babu wanda ya ga takarda ko ɗaya. Da aka kafa kwamiti sai aka ce ni ne sakatare tunda ina da kwamfuta. Muka rubuta takardar koke mai zafi, sakin layi biyu kacal, ma'anarta dai ba mu yarda ba, muka bi gida gida ana sa hannu, ni kuwa har wani alfahari nake ji in na ga shafukan suna cika.

Ranar da na kai takardar ofishin ne jikina ya fara sanyi. Jami'in da ya karɓa dattijo ne mai haƙuri, ya juya shafukan a hankali, ya buga hatimi, sannan yace ɗana zauna in nuna maka wani abu. Ya buɗe durowa ya zaro babbar taswirar garin, wadda aka raba kala kala, nan wurin zama, nan kasuwanci, nan gonaki, nan kuma ba a taɓawa. Ya ɗora yatsa a kan filinmu, kalarsa iri ɗaya da ta layinmu. Yace tun lokacin da aka sabunta babban tsarin gari, shekaru da suka wuce, aka mayar da wurin na gidaje, an liƙa sanarwa, an kira taron jin ra'ayi, kuma shi da kansa yana wurin, kujerun da babu kowa sun fi mutanen yawa nesa ba kusa ba. Ya ƙara da cewa sa hannunmu duk da yawansa hujja ɗaya ce aka maimaita, su kuma hujja suke aunawa. Wallahi na fito ina jin haushinsa, sai da na kwana biyu na yarda gaskiya ya faɗa min, zancen ko za a yi gini ko ba za a yi ba an riga an rufe shi tun muna barci, abin da ya rage shi ne wane irin gini za a yi kuma da wane sharaɗi.

Haushin ne ya sa na zauna karatu da daddare, ina so in gane wa ma ya ba hukuma ikon ta ce wa mai fili ga abin da zai yi da filinsa. Ashe rigimar tsohuwa ce. Birnin New York ya kafa dokar raba gari shiyya shiyya tun 1916, kuma shari'ar da ta tabbatar da abin a Amurka daga wani ƙaramin gari ta fito, Euclid a jihar Ohio, inda wani kamfanin filaye ya kai ƙara cewa dokar ta karya darajar filinsa, kotun ƙoli ta ba garin gaskiya a 1926. A Ingila kuma tun dokar 1947 mallakar fili kaɗai ba ta ba ka damar gini, sai ka nemi izini. Abin da ya fi tsaya min a rai a tsarin Ingilan shi ne, in ka ce ginin zai rage darajar gidanka ko zai tare maka kallon da ka saba yi daga taga, ba a lissafa wannan a matsayin hujja, amma in ka kawo zancen ambaliya, ko cunkoson hanya, ko za a toshe maka haske, dole a duba. Kowace ƙasa da dokarta, ban ce tamu iri ɗaya ba ce da tasu, amma da na sake karanta takardarmu da wannan idon sai na ga babu komai cikinta sai ɓacin rai.

Sai taron jin ra'ayi kan ainihin zanen ya zo. Zauren ya cika maƙil a wannan karon, mutumin kamfanin da zai yi ginin ya tashi da hotuna masu kyau, itatuwa kore shar, yara kan keke, motoci biyu kacal a titi, mu kuma muka dinga tashi ɗaya bayan ɗaya muna cewa za a ɓata mana gari, baƙi za su cika mu. Can wata matashiya daga baya ta ɗaga hannu, malamar makaranta ce, na san ta da gani. Ta gaida ciyaman, sannan ta juya wajen dattijon da ya fi kowa zafi a cikinmu tace, Baba don Allah ka yi haƙuri, ni a garin nan aka haife ni, shekarata shida ina haya, sau uku ina tashi saboda ƙarin kuɗi, baƙin da kuke tsoro ai mu ne. Zauren yayi tsit. Dattijon yace 'yata ba da ke muke ba, tace to Baba da wa kuke, tunda duk wanda ya tashi yau yana da gidansa. Na waiga na duba, gaskiyarta, kusan dukkanmu masu gida ne, masu haya ba su zo ba, wasu na wurin aiki tunda da rana aka sa taron, wasu kuma suna ganin ba huruminsu ba ne, waɗanda za su zauna a gidajen nan gaba kuwa ba su ma san da zancen ba balle su zo. Ƙanina ma haya yake da iyalinsa a ɗaki biyu, kuma ko sau ɗaya ban tambaye shi ra'ayinsa ba. Sannan layin namu da muke karewa, ai shi ma gonar wani ce kafin a yanka, na tabbata akwai wanda ya tsaya ya kalli turakunmu da irin idon da na kalli nasu.

Ba wai daga nan na koma ɗan kamfani ba fa, har yanzu ina ganin zanen farko da suka kawo mugun zane ne. Sai dai na daina cewa a'a na fara cewa ina. Akwai wani maƙwabcinmu tsohon injiniya da ya yi ritaya, tun farko yake ta cewa a nemo zanen a duba amma hayaniya ta danne shi, na je na same shi nace Baba na zo koyo. Muka nemi kwafi, muka shimfiɗa a tsakar gidansa muka danne kusurwoyin da duwatsu, ya ba ni rula yace fara da sikeli, in an rubuta 1:1000 to milimita ɗaya a takarda mita ɗaya ce a ƙasa. Na auna titunan cikin, sirara ne ƙwarai, mota biyu in sun haɗu sai ɗaya ta hau bakin ƙofar wani, balle motar kashe gobara ko ta kwasar shara, kuma ƙofa ɗaya ce tak ta shiga da fita, ita ma ta layinmu ta biyo. Sannan ya nuna min wasu layuka masu lanƙwasa da ni da na ɗauka ado ne, ashe su ke nuna tudu da gangare, inda suka matsu da juna wurin ya yi gangara sosai. Muka bi su da yatsa, duk suka kai mu kwarin nan, kuma a kan kwarin an zana fulotai reras kamar ba a taɓa ruwan sama a garin ba.

Lissafin da ya yi min a bayan ambulan shi ne abin da ba zan manta ba. Ruwan sama milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ne. Rufin gida mai murabba'in mita 200, in aka yi ruwa milimita 50 a dare ɗaya, lita 10,000 ke nan ke zubowa daga gida ɗaya, kuma rufin kwano da siminti da kwalta ba sa shan komai, alhali gona tana shanye mafi yawa. Yace yanzu ninka da yawan gidajen, sannan ka tambayi kanka ina ruwan zai je in an cike kwarin. Amsar ita ce layinmu da layin da ke ƙasa da mu, ta wani tsohon kwalbati da ko yanzu da ƙyar yake ɗauka. Wannan muka rubuta, shafi uku, da hotunan kwarin cike da ruwa da wata maƙwabciya ta tono daga wayarta masu kwanan wata a jiki, kuma wannan takardar mai sa hannun mutum biyar ita ce aka kira mu a kanta.

Cikin kwamitin namu ma sai da aka yi baram baram. Wasu suka ce tunda ba za a hana ba to a matsa a rage gidajen, a yi manyan fulotai, mutanen kirki su zo. Da farko na goyi baya, sai da na yi lissafi. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da matsugunai tana ba da shawarar a bar wa tituna aƙalla kashi 30 cikin 100, saura 7,000, in fuloti ƙafa 50 da 100 ne, wato kusan murabba'in mita 465, gida 15 ke nan. In ka ninka girman fulotin sun koma bakwai ko takwas, amma titin da bututun ruwan da wayar wutar tsawonsu bai ragu ba, kuɗinsu ne kawai za a raba wa mutane kaɗan, ma'ana malamar nan da ƙanina sun fita daga lissafi. Ita wannan hukumar ma cewa take a ware kashi 20 zuwa 50 na gidajen unguwa ga masu ƙaramin ƙarfi. Da na faɗi haka a mitin wani ya ce an saye ni, har yau gaisuwarmu sama sama ce, kuma abin yana min ciwo don mutumin kirki ne, tsoro ne kawai irin wanda ni ma na ji.

Ƙarshenta an ba da izini, amma da sharuɗɗa a rubuce. An cire fulotan kan kwarin an bar shi matattarar ruwa, an faɗaɗa babban titin ciki, an ƙara ƙofa ta biyu, an ce sai an gama magudana da sabon kwalbati kafin a fara gina kashi na biyu na gidajen, an kuma sa wasu ƙananan gidaje a jere. Filin ƙwallon kuwa mun rasa shi, kuma laifina ne. A wani zama mutumin kamfanin ya dafa kafaɗata yace ai wannan ba matsala, yara dole su samu wurin wasa, ni kuma na ji daɗi na rubuta a littafina, ban matsa an sa shi a zane ko a sharuɗɗan ba. Da na je tuna masa bayan wata takwas an canza shi da wani, sabon ya buɗe fayil ya duba yace ranka ya daɗe ban ga wannan a nan ba. Ban da abin cewa, don ni ma na duba ban gani ba. Yanzu gida huɗu ne a wurin.

Su ma sharuɗɗan da aka rubuta ba sa aiwatar da kansu, wannan ban sani ba sai da aka fara aiki. Gurup ɗin ya mutu, kowa ya gaji, ofishin kuma ma'aikatansu kaɗan ne ba kullum suke zagayowa ba, sai da na ga an fara kafa harsashi a kashi na biyu alhali magudanar ko rabi ba ta kai ba, na ɗauki hoto na haɗa da kwafin sharaɗin na kai, aka dakatar da su sati uku har suka gama. Damina biyu ke nan ruwa bai shigo mana ba, kwarin yana cika ya janye a hankali cikin kwana biyu. Malamar nan ta kama ɗaya daga ƙananan gidajen, haya dai har yanzu, ƙanina kuma bai samu ba, kuɗin sun fi ƙarfinsa.

Watan jiya na ga sanarwa a allon ofishin, ƙaramar takarda ce rana ta fara cinye rubutun, wai za a sake duba babban tsarin gari, har da gonakin da ke gabas da makaranta. Na ɗauki hotonta na tura tsohon gurup ɗinmu, mutum biyu suka sa alamar babban yatsa. Ranar taron na biya na ɗauki Baba injiniya, na kira ƙanina nace ko da rabin awa ne ya nemi izini a wurin aiki ya zo, ya zo ɗin. Da mu da jami'an duka mu tara ne a zauren.